Kundin Aiki: Ƙa'idojin Mu'amala da Hanyar Kawo Gyara a Manhajarmu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

A zaman yau mun tsayar da shawara cewa siga ta gaba ba za ta fita ba sai manhajar ta samu takardu biyu da ba ta taɓa samu ba: ta ƙa'idojin mu'amala tsakanin masu aiki, da ta yadda ake kawo gyara har a karɓa. A GitHub, dandalin intanet da ake ajiye kod a yi aiki a kansa tare, sunayensu sanannu ne, CODE_OF_CONDUCT.md da CONTRIBUTING.md, kuma idan suna cikin rumbun kod, ana nuna wa baƙo hanyar zuwa gare su a daidai lokacin da zai buɗe rahoton matsala ko ya aiko da gyara.

Ga wanda bai san aikin ba, ɗan laburare ne na harshen Python, wato kod da wasu manhajoji ke ɗauka su yi aiki da shi, da ke karanta fayilolin CSV (teburin bayanai da ake raba shafukansa da waƙafi) da suka zo a hargitse, ya gano inda layi ya karye ko waƙafi ya faɗa inda bai dace ba, ya fitar da tebur mai tsabta. Lasisin MIT ne a kansa. Mu huɗu ne ke riƙe da makullin haɗe gyara cikin babban reshe, kuma babu wanda ake biya a cikinmu.

Abin da ya kawo maganar shi ne mutane na zuwa sau ɗaya ba sa dawowa. Na bi tsofaffin buƙatun haɗewa, wato gyare-gyaren da mutane suka aiko a haɗa cikin kod ɗinmu, da aka rufe ina neman dalili. Zagi ƙiri-ƙiri ba shi da yawa. Abin da ya cika wurin shi ne amsa gajeriya mai sanyi, irin "ba haka muke yi ba", ba tare da an faɗi yadda ake yin ba, ko kuma shiru na watanni har mutum ya gaji ya kama gabansa. Ni aka ɗora wa daftarin farko na takardun biyu.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kafin in rubuta ko layi ɗaya na zauna na karanta na waɗanda suka riga mu.

Na Ubuntu, ɗaya daga tsare-tsaren kwamfuta da aka gina a kan Linux, yana cikin mafi tsufa, tun 2004, kuma can an daɗe mutum yana sa hannu a kansa da makullinsa na sirri. Na Debian, wani tsarin Linux ɗin, wanda suka amince da shi ta hanyar ƙuri'a a 2014, gajere ne, kuma abu biyu na ɗauka daga ciki: a kyautata wa mutum zato, a kuma taƙaita magana. Na biyun ya fi ba ni sha'awa, don doguwar magana ma hanya ce ta danne mutane. Mai lokacin rubuta shafi uku a kan kowace muhawara shi ke cin nasara, ko da ba shi ke da gaskiya ba, saboda sauran sun gaji da karatu.

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Contributor Covenant, wanda Coraline Ada Ehmke ta rubuta a 2014. Sigarsa ta 2.1, ta 2021, tana da matakan hukunci huɗu da aka gina a kan tsarin Mozilla: gyara a keɓe, sai gargaɗi tare da hana mutum tunkarar wanda ya ɓata wa na wani lokaci, sai dakatarwa ta ɗan lokaci, sai kora ta dindindin. Lasisinsa ya yarda a ɗauka a sauya, muddin an ambaci inda aka samo.

Labarin Linux ne ya fi tsayar da ni. A 2015 sun saka wata 'yar takarda da ta fi karkata ga sanar da mutum cewa za a soki kod ɗinsa sosai, ya shirya. A watan Satumban 2018 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux yake kuma jagorantarsa, ya fito ya ba da haƙuri kan yadda yake wa mutane magana, ya janye na ɗan lokaci, aka maye gurbin waccan takarda da wadda aka gina a kan Covenant, Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga manyan masu kula da aikin, ya ƙarasa fitar da siga ta 4.19, Torvalds ya dawo a Oktoba. Abin lura a nan, takardar ba ta yi nauyi ba sai da na saman ya yarda ta hau kansa.

Shawarata ita ce mu ɗauki Covenant 2.1 mu ƙara abin da ya shafe mu, kada mu ce sai mun ƙirƙiro namu daga tushe. A tsakiyar rubutunsa akwai wani gurbi da aka bari don a sa inda za a kai ƙorafi. Na leƙa rumbunan kod da dama na tarar da gurbin a buɗe yadda ya zo, an kwafa an liƙa, ba wanda ya cike. Wannan gurbin shi ne ainihin aikin, sauran duk rubutu ne.

Litinin, 27 ga Janairu

An kai ruwa rana yau. Abokin aikinmu mai kula da gwaje-gwaje bai yarda da batun ba sam, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce shi kod ya zo dubawa ba zukatan mutane ba. Ya ce kalmomi irin "cin fuska" da "rashin dacewa" suna da faɗin da kowa zai iya cusa abin da ya ga dama a ciki, kuma ranar da wani ya kawo gyara maras kyau aka ƙi karɓa, da wannan takarda zai kai ƙarar mai bita.

Na ce masa, "Malam, tsoronka na gane shi, amma maganinsa misali ne, ba barin takardar ba." Sai muka zauna tare muka rubuta wani sashe da babu shi a Covenant, wanda ya faɗi ƙarara cewa ƙin karɓar gyara ba laifi ba ne, suka mai tsanani a kan kod ba laifi ba ce, rufe rahoton da ya fita daga manufar aikin ba laifi ba ne. Laifi yana farawa ne inda magana ta bar kod ta koma kan mai kod. Muka jera misalai gefe da gefe. "Wannan madauki zai loda fayil ɗin gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwa, babban fayil zai kashe shi, a karanta layi-layi" bita ce, komai zafinta. "Ka taɓa rubuta Python kuwa?" ba bita ba ce, don ba ta koya wa kowa komai, kuma ba ta gyara layi ko ɗaya.

Shi ne ma ya kawo ƙarin da ya fi nawa kyau: duk mai bitar da ya ce a'a, wajibi ne ya faɗi dalili, ko da a jimla ɗaya ce. Bai ce ya gamsu da takardar gaba ɗaya ba, ya dai ce ba zai tare hanya ba. Sauran biyun suka amince nan take. Ina da zargin ɗayansu bai ma buɗe daftarin ba, amma ban tsananta ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na koma kan takarda ta biyu. Da nake tattara abubuwan da aka fi yin ja-in-ja a kansu a baya, sai ga shi yawancinsu ba su kai a ɗaga murya ba: tsawon layi, inda za a sa gurbi, wace irin alamar zance za a yi amfani da ita. Mun sa Black ya riƙa tsara kod da kansa, da tsawon layinsa na asali na haruffa 88, injin gwaji kuma ya ƙi duk gyaran da bai bi ta hannunsa ba. Idan inji ne ya ce maka layinka ya yi tsawo, ba ka jin an raina ka.

Sauran sharuɗɗan kaɗan ne. Gyara ɗaya a buƙata ɗaya. Duk gyaran tangarɗa ya zo da gwajin da ke faɗuwa kafin gyaran, ya wuce bayansa. Babban sauyi a fara buɗe rahoto a tattauna kafin a rubuta kod, don kada mutum ya ɓata hutunsa a kan abin da ba za mu karɓa ba. Saƙon kwamit, wato ɗan bayanin da ake rubutawa tare da kowane sauyi, ya faɗi dalilin sauyin, tunda abin da aka sauya kod ɗin da kansa zai nuna.

Mun kuma ɗora wa kanmu sharaɗi: duk sabuwar buƙata za ta ji daga bakin mutum cikin mako guda, ko da "mun gani, muna zuwa" ne.

Talata, 18 ga Fabrairu

Batun mallakar kod. Hanya biyu ce sananniya. Ko dai a sa mai gudummawa ya rattaba hannu a yarjejeniyar lasisi ta musamman, irin wadda gidauniyar Apache da kamfanin Google ke nema, ko a bi hanyar Linux, wato DCO, shaidar asalin kod daga wanda ya kawo shi. Asalin DCO rikicin shari'a ne: a 2003 kamfanin SCO ya kai IBM kotu yana iƙirarin an zuba kod ɗinsa cikin Linux, a 2004 kuma masu Linux suka fito da wannan gajeriyar shaida don kowane gyara ya zama an san ta hannun wa ya shigo. Mutum zai ƙara layin Signed-off-by da sunansa da adireshin imel a ƙarshen saƙon kwamit, umarnin `git commit -s` ma yana sa masa shi, kuma da haka ya shaida cewa shi ya rubuta, ko yana da haƙƙin miƙawa a ƙarƙashin lasisin aikin.

Mun zaɓi DCO. Ba mu da kamfani ko gidauniyar da za ta riƙe takardun yarjejeniya, ba mu da niyyar sauya lasisi nan gaba, kuma tura baƙo ya cike fom kafin a duba gyaransa na layi uku korar mutane ne kawai.

Inda muka ɗan daɗe shi ne suna. Dole ne mutum ya sa sunansa na gaskiya? Abokiyar aikinmu mai kula da rubutun bayani ta ce a'a, kuma ta yi bayanin da ya rufe bakin kowa: tarihin Git, manhajar da ke ajiye kowane sauyin da aka yi wa kod, ba ya gogewa, duk wanda ya kwafi rumbun ya kwafi sunanka da imel ɗinka har abada, akwai kuma masu dalilin da ya sa ba sa son a bi sawunsu, musamman waɗanda aka taɓa bi da tsangwama. Linux ma a 2023 sun sassauta lafazinsu daga neman sunan gaskiya zuwa neman shaidar da aka san mutum da ita. Haka muka rubuta: suna tsayayye da kake amsawa, da imel da ke aiki.

Talata, 4 ga Maris

Gurbin nan na "ina za a kai ƙorafi" ya ci mana zama guda cur.

Buɗe akwatin imel na musamman abu ne mai sauƙi. Tambayar ita ce wa ke karanta shi. Idan mu huɗun ne, to wanda ɗaya daga cikinmu ya ɓata wa zai kai ƙara ne ga wanda ya ɓata masan da abokansa, kuma ba mai hankalin da zai yi haka. Na tuna wa jama'a abin da ya faru a aikin harshen kod na Rust a watan Nuwamban 2021, lokacin da tawagar masu sa ido kan mu'amala ta yi murabus gaba ɗayanta, tana cewa babbar tawagar jagoranci ba ta amsa tambayar kowa sai ta kanta. Sai da suka sake fasalin shugabancin, suka kafa majalisar jagoranci a 2023. Su da ke da ɗaruruwan mutane da ƙa'idoji rubutattu tun da wuri sun yi tuntuɓe a wannan wuri, balle mu.

Ga abin da muka tsayar. Mutum biyu ne ke karɓar ƙorafi: mai kula da rubutun bayani, da wata mai kula da wani buɗaɗɗen aiki dabam wadda ba ta da makulli a namu, ta kuma yarda ta taimaka, mu ma ɗayanmu zai yi mata irin wannan a nata aikin. Kowacce tana da adireshin da za a iya samunta ita kaɗai. Wanda ƙorafi ya shafa ba ya zama a tattaunawar, ba ya ganin sunan mai ƙorafi sai da izininsa. Za a amsa cewa saƙo ya iso cikin kwana uku. Za a riƙa ajiye taƙaitaccen tarihin kowane lamari a wuri keɓaɓɓe, don idan abu ya maimaitu kada a ce tunanin wani ne kawai.

Da yamma na haɗe takardun biyu cikin babban reshe.

Laraba, 12 ga Maris

Ba a jima ba aka gwada mu, kuma daga inda ba mu so ba.

Wani sabon zuwa, da alama ɗalibi ne, ya aiko da gyara kan wata tangarɗa ta gaske. Idan aka ajiye fayil daga Excel a matsayin CSV na UTF-8, ana saka wasu bayit uku a farkonsa, EF BB BF, waɗanda ido ba ya gani. Laburarenmu yana ɗaukarsu a matsayin wani ɓangare na sunan shafin tebur na farko, sai mai amfani ya nemi shafin da sunansa a ce masa babu, alhali ga shi yana kallo a allo. Yaron ya gano wannan da kansa, ya kawo fayil ɗin misali, ya rubuta gwaji. Sai dai maganin da ya kawo shi ne a yanke haruffa uku na farkon kowane fayil, wanda zai cinye farkon duk fayil ɗin da ba shi da alamar. Kuskure ne, amma irin wanda jimla biyu ke gyarawa: Python yana da tsarin karatu mai suna utf-8-sig da ke cire alamar idan tana nan, ya bar fayil yadda yake idan ba ta nan.

Wanda ya yi bitar shi ne marubucin injin karatun, mutumin da ya fi kowa sanin cikin manhajar nan, wanda da babu shi da babu aikin. Abin da ya rubuta shi ne wannan gyara ba ya buƙatar bita, yana buƙatar mai shi ya koma ya koyi karatu tukuna. Ya rufe buƙatar.

Yaron bai kai ƙorafi ba. Irinsu ba sa kaiwa, ɓacewa kawai suke yi. Mai kula da gwaje-gwaje ne ya tura wa masu karɓar ƙorafi, kuma tunda lamarin a fili ya faru, babu sirrin da za a tona idan na rubuta shi a nan. Suka yanke mataki na farko, gyara a keɓe, suka nemi in kasance a kiran saboda mun daɗe da marubucin injin karatun.

Ya ce, "Yanzu ni za ku karanta wa takarda? Gyaran nan da ya shiga da ya lalata wa mutane bayanansu."

Mai kula da rubutun bayani ta ce, "Malam, babu wanda ya ce ka karɓi gyaran. Ƙin da ka yi daidai ne, mu ma da ƙi za mu yi. Jimlarka ta biyu muke magana a kai. Ka duba ta, wane layi na kod ta gyara?"

Ya yi shiru, sannan ya ce ya gaji ne, aiki ya yi masa yawa, kullum shi ke kwashe shirmen mutane. Wannan ma gaskiya ne, kuma na rubuta shi a jerin abubuwan da za mu duba, don kusan duk bitar injin karatu a kansa take faɗawa. Ya yarda a sake buɗe buƙatar, ya goge jimlar, ya rubuta bayanin utf-8-sig da hannunsa. Haƙuri dai bai bayar a fili ba, kuma masu hukuncin ba su tilasta ba. Ni da na so ya bayar, amma ba ni ke yankewa ba.

Asabar, 29 ga Maris

Yau shekara ɗaya cif da Andres Freund ya fallasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse da aka dasa a xz, wata manhajar matse fayiloli da ke cikin tsare-tsaren Linux da yawa, kuma na sake karanta labarin da idon wanda ke rubuta ƙa'idojin mu'amala.

Yawancin masu ba da labarin sun fi son ɓangaren fasaha: yadda Freund, injiniya a Microsoft mai aiki a kan PostgreSQL, ya lura shiga na'ura daga nesa ta hanyar SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya gano mugun kod a siga ta 5.6.0 da 5.6.1, an ɓoye shi cikin fayilolin gwaji da ido ba ya iya karantawa, an kuma saka abin da ke tayar da shi a ƙunshin da ake rabawa, ba a rumbun Git da kowa ke dubawa ba. Amma kafin a kai nan an yi shekaru ana aikin mutane. Mai amfani da sunan Jia Tan ya fara kawo gyare-gyare masu kyau tun 2021. A 2022 wasu asusu suka riƙa matsa wa Lasse Collin, mai kula da aikin shi kaɗai, suna cewa ya yi sanyi, aikin ya tsaya, ya miƙa wa wani. Ya amsa musu cewa aikin sa kai ne ba biyansa ake ba, amma matsin bai tsaya ba, a ƙarshe kuma Jia Tan ya samu makulli.

Waɗannan saƙonnin matsin babu ashar a cikinsu. Da yawa daga takardun ƙa'idoji ba za su kama su ba, don an rubuta su ne da tunanin kare baƙo daga na gida. Na kawo ƙarin sakin layi: naci wa mai aikin sa kai, ɗora masa laifin jinkiri, ko taruwa a kansa don ya miƙa iko, duk saɓa ƙa'ida ne, kuma mai kula yana da damar ya ce ba yanzu ba, a bar shi. An amince.

A ɓangaren kod kuma mun ƙara uku. Babu gyaran da zai shiga babban reshe sai wani dabam ya duba, ko da ɗaya daga cikin mu huɗun ne ya rubuta. Fayilolin gwaji su zama rubutu da ake iya karantawa, idan kuma dole ne a sa gurɓataccen fayil, to a kawo kod ɗin da ke ƙera shi. Ƙunshin da muke rabawa injin gwaji ne zai gina shi daga rumbun, ba kwamfutar wani ba. Ba da makulli ga sabon mutum kuma sai duk masu riƙe da shi sun yarda, kuma ba a lokacin da wani ke kukan gajiya ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Wata buƙata ta shigo mai ɗaruruwan layuka, tsaf-tsaf a ido, tana kiran wani aiki da babu shi a laburaren Python. Da aka tambayi mai ita me ya sa ya zaɓi wannan hanya, amsar da ta dawo ba ta da alaƙa da tambayar. Injin ƙirƙirar rubutu ne ya yi, shi kuma bai gwada ba.

Masu tsarin kwamfuta na Gentoo sun haramta irin wannan gudummawa gaba ɗaya a Afrilun 2024, masu na NetBSD kuma suna ɗaukar irin kod ɗin a matsayin gurɓatacce sai an ba da izini na musamman. Mu ba mu kai can ba, don ba mu da hanyar tabbatarwa, dokar da ba za a iya aiwatarwa ba kuwa masu gaskiya kaɗai take kamawa. Mun rubuta cewa ka faɗa idan ka yi amfani da irin wannan inji, ka gwada abin da ka aiko, ka kuma iya bayanin kowane layi da bakinka. Wanda ya kasa na ukun za a rufe buƙatarsa cikin ladabi ba tare da dogon bita ba. Lokacin mai bita ma haƙƙi ne.

Litinin, 21 ga Afrilu

Marubucin injin karatun ya maimaita. Wannan karon a kan wata mai gudummawa da ta daɗe tare da mu, a muhawarar yadda za a riƙa gane alamar raba shafuka. Ta kawo ma'auni da ke nuna hanyarta ta fi sauri a manyan fayiloli, ya amsa da cewa wasu mutane sun fi dacewa da gyaran rubutun bayani. Ita ta kai ƙorafi da kanta, ta kuma yarda a faɗi hakan.

Masu hukunci suka hau mataki na biyu: gargaɗi a rubuce, da wata guda ba zai yi bita ko tsokaci a kan aikinta ba. Ya ce idan haka ne ya ɗauki hutu daga aikin gaba ɗaya, sai ya ga dama. Bai ajiye makullinsa ba, mu ma ba mu karɓe ba.

Ba zan ɓoye tsadar abin ba. Akwai gyare-gyare a injin karatu da shi kaɗai ke iya duba su cikin sa'a guda, mu sai mun kwana a kai. Sigar da muka so fitarwa a ƙarshen wannan wata ta koma sai wani lokaci. Wani mai amfani da laburaren ya rubuto yana cewa mun kori gwani saboda jin zafin magana, kuma na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Amsar da na ba shi ita ce ba a kore shi ba, kuma lissafin da ake yi na abin da gwani ya kawo ba a taɓa haɗawa da na mutanen da suka tafi saboda shi, tunda su ba sa sallama. Da mun kawar da kai a wannan, duk wanda ke kallo ya gane cewa takardar ta ƙananan mutane ce, akwai shafaffu da mai, daga nan kuma babu wanda zai sake aiko da ƙorafi.

Ta ɗaya gefen kuma, gajiyarsa gaskiya ce, kuma tsarinmu ne ya tara masa kayan. Guido van Rossum da kansa ya sauka daga jagorancin Python a Yulin 2018 bayan ƙazamar muhawara kan PEP 572, wata shawarar ƙara sabon salon rubutu a harshen, aka koma majalisar mutum biyar da ake zaɓa. Idan aiki ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ko dai ya karye ko ya riƙa huce haushi a kan na kusa. Mun raba injin karatun gida uku a fayil ɗin CODEOWNERS, wanda ke nuna wa ke duba wane ɓangare, kowane ɓangare da mutum biyu, don ko ya dawo kada komai ya sake komawa kansa.

Talata, 6 ga Mayu

Gyaran alamar UTF-8 ya shiga. Yaron ya dawo bayan dogon shiru, ya sauya zuwa utf-8-sig, ya ƙara gwaji na biyu don fayil maras alamar, ya manta layin sa hannu, aka nuna masa `git commit --amend -s`, ya gyara. Yanzu ya ɗauki wani rahoton game da fayilolin UTF-16. Hanyar mai gudummawar nan ta gane alamar raba shafuka ita ma tana kan bita, mai kula da gwaje-gwaje ya gano tana rikicewa idan layin farko duk rubutu ne a cikin alamar zance, suna kan warware wannan tare.

Alƙawarin amsa cikin mako guda muna cika shi da ƙyar, an kuma saɓa shi a makon da ya wuce. Za mu gwada karɓa-karɓa, kowane mako mutum ɗaya ne ke tsaron ƙofa, ya amsa wa duk wanda ya shigo ya tura shi wurin da ya dace.

Marubucin injin karatu ya aiko da gyara guda shekaranjiya, ƙarami, ba tare da wata magana ba. An duba, an haɗe. Wa'adin gargaɗinsa zai cika 21 ga wata, kuma masu hukunci sun ce za su nemi zama da shi kafin nan.

Abin da ya rage a jerina: rubuta SECURITY.md don mai gano raunin tsaro ya san inda zai kai a asirce, maimakon ya buɗe rahoto kowa na gani. Tace rahotannin da za a yi wa alamar "ya dace da sabon shiga", don wasu da ke ɗauke da ita yanzu ko mu sai mun yi gumi. Da shawarar ko za mu shiga Hacktoberfest a Oktoba, wato gangamin shekara-shekara na kawo gudummawa ga buɗaɗɗun manhajoji. A 2020 tarin gyare-gyaren banza na masu neman kyautar riga ya sa DigitalOcean, mai shirya gangamin, ta mayar da shiga sai aikin da ya nuna yana so, saboda haka zaɓin namu ne. Mai kula da gwaje-gwaje ya ce a'a, mai kula da rubutun bayani ta ce e idan karɓa-karɓar ta zauna da gindinta kafin Agusta. Mun sa batun a zaman 17 ga wata.